Misalin da Na Roƙa wa Fasto

Kafin in fara, duk wadda ta san bakinta na da saurin cewa "ai bawan Allah ne, ki yi haƙuri", ta ajiye wayarta ta je ta ƙarasa wankinta. Na ji wannan magana a bakin uwata, na ji a bakin maƙwabta, har ta ginshe ni. Wadda za ta iya saurare kuwa ta gyara zama. Abin da zan ba ku labarinsa yau ni na jawo shi, da bakina da gwiwoyina, don a durƙushe na roƙe shi, har da azumi.

Ni ce auta a gidanmu, malamar aji ɗaya ce a firamare, shekarata ashirin da takwas. A cikin ukun nan, na ƙarshen ne kawai Mama take gani. Ko ruwa na miƙa mata sai ta kalli yatsana ta yi ajiyar zuciya.

Bara aka turo mana sabon Fasto bayan tsohon ya yi ritaya. Matashi ne, dogo, da kwat mai launin toka da takalmin da za ka iya gyara ɗankwali a jikinsa. Ranar da ya fara hawa mumbari babu uwar da ta ji wa'azinsa, duk hannunsa na hagu suke leƙe. Da suka tabbatar babu zobe, sai "Amin" ɗin ranar ta fi ta kullum ƙarfi.

Shi ya zo mana da sabon tsari. Kowace Alhamis daga ƙarfe huɗu zuwa shida zai shiga ofishinsa ya shirya wa'azin Lahadi, 'yan ƙungiyar addu'a kuma su zauna a barandar ofishin suna roƙa masa buɗi har ya fito. Nassin da za a karanta ranar Lahadi ba ya faɗa wa kowa sai su, ta saƙon waya, da safiyar Alhamis, don su yi addu'a a kansa. A zamanin tsohon Fasto tsofaffi huɗu ne a ƙungiyar nan, ɗaya ma barci take zuwa yi. Cikin mako biyu suka zama ashirin da uku. Ban taɓa sanin addu'a tana buƙatar gashin ido na kanti ba sai a barandar nan. Leshi, jambaki, turaren da ke sa tsofaffin tari. Wadda ta samu kujerar jikin taga kuwa, ranar har masu wucewa a titi sai sun san irin ƙaunar da take yi wa aikin Ubangiji. Shugabarsu, wadda muke kira Uwar Addu'a, ita ke raba wurin zama, kuma ikon Allah, kullum a kan 'yarta kujerar tagar take faɗawa.

"Ke ba za ki shiga ba?" in ji Mama. "Ko addu'ar ma sai an yi miki dole?"

"Zan shiga, Mama."

Ta dube ni sau biyu, don ba ta saba in amsa da wuri ba. Ta ɗauka ta ci nasara. Ni kuwa ba Fasto ne ya kai ni barandar ba, Baba ne.

Babana kafinta ne, kuma dattijon ikilisiya. Shekara talatin da ɗaya shi ke karanta nassi kafin wa'azi. Zai miƙe a hankali, ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya goge da bakin riga, ya buɗe Littafi, ya aza yatsa a kan layi. In ya fara, ko jariri sai ya yi shiru. Baƙi kan tambaya ko tsohon malami ne.

Baba bai iya karatu ba. Ban da lambobin da ke jikin tef ɗinsa na awo, babu abin da ya sani a rubuce. Tabarau ɗin ma gilashi ne zalla. Yana matashi aka taɓa miƙa masa Littafi a gaban jama'a, aka yi sa'a wurin da aka ce ya karanta ya riga ya haddace shi da kunne, ya zuba shi tas, aka yaba, aka ce daga yau shi ne mai karatu. Kunya ta hana shi magana ranar, kuma kowace shekara da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi. Mama ce ke karanta masa yana haddacewa, har na kai shekara tara na karɓe ta. Kowace Asabar da ƙarfe huɗu zai rufe ƙyaure ɗaya na shagonsa, ya share mini gefen teburin aiki, in hau in zauna ƙafafuna na lilo. In karanta sau uku, shi yana goge katako yana maimaitawa. Inda zai juya shafi sai ya sa siririn ɓawon katako. Na sha cewa bari in koya masa, tunda aikina ke nan da 'ya'yan mutane. Sai ya yi dariya ya ce, "Auta, katakon da ya bushe ba ya lanƙwasuwa, karanta kawai."

Tsohon Fasto ya sani. Bai taɓa furtawa ba. Duk Laraba zai biyo ta shago kamar ya zo duba wani benci, ya ambaci sura da aya yana kallon rufi, ya wuce abinsa. Da ya tafi, hanya ɗaya ta rage mana ta sanin nassi kafin Lahadi, wato saƙon Alhamis. Shi ya sa na shiga.

Daga makaranta nake wucewa, da allin allo a hannun rigata, in zauna can ƙarshen baranda kusa da famfo. To ashe wanda turare ya ishe shi, mai warin alli yake hange. A wata na biyu saƙon Fasto ya shigo wayata, ba ta cikin ƙungiya ba.

"'Yar'uwa, na lura addu'arki ba ta da hayaniya, amma ina jin nauyinta."

Na karanta na taɓe baki. Na sake karantawa. Kafin in kwanta na karanta ya fi sau goma, ba zan yi muku ƙarya ba. Daga "'yar'uwa" aka koma "Malama", daga nan aka koma "kin ci abinci?" Ni da nake yi wa masu gashin ido dariya, sai ga ni ina goge siket tun daren Laraba. Na so shi. In zan zagi kowa a labarin nan, to in fara da kaina.

A wata na biyar ya zo gida ya gaida Baba. Mama ta fito da farantan baƙi waɗanda ko ranar bikin yayata ba a taɓa su ba. Ya ce zai turo kawunsa. Bayan ya tafi Baba ya kira ni.

"Kina so?"

"Ina so, Baba."

"Shi ke nan. Yana da surutu, amma aikinsa ne."

Sai makon da nake son ba ku labari. Saƙon Alhamis ya zo da nassi kamar kullum, da ƙari a ƙasa: "Kan wa'azin shi ne ajiye Kalma a cikin zuciya. Amma ya bushe mini. Ku roƙa mini misali mai rai, wanda zai taɓa mutane." Minti biyu bayan haka nawa na daban ya shigo: "Ke musamman nake dogara da ke."

Wayyo ni. Ranar a baranda har na fi 'yar Uwar Addu'a zufa. Juma'a na ɗauki azumi, ina koya wa yara baƙaƙe cikina na ƙugi. Na durƙusa a gaban gadona na ce, "Ubangiji, ka ba bawanka misalin da zai girgiza majami'a, wanda ba za a manta da shi ba." Ku riƙe wannan addu'ar, don an amsa ta har da gyara.

Asabar da ƙarfe biyar, mun gama hadda ke nan da Baba, yana kakkaɓe garin katako daga wandonsa, wayata ta yi ƙara.

"Ruhu ya sauya mini nassi. Wannan karon ba zan faɗa wa kowa ba, sai gobe a kan mumbari. Ku ci gaba da addu'a."

Na hango Baba tsaye gaban mutum ɗari uku, da tabarau, da Littafi a buɗe, an ambaci surar da bai taɓa ji ba.

"Lafiya, Auta?"

"Lafiya lau, Baba. Ina zuwa."

Ban faɗa masa ba. Na ga kamar ni ce mai dabara. Na tari babur sai ofishin Fasto. Na same shi ya cire kwat, ya kwance wuyan riga, takardu a duƙunƙune cike da kwandon shara, fanka na juyawa a kan tebur. Farar takarda ce a gabansa, babu komai a kai sai kan wa'azi da layi biyu a ƙarƙashinsa.

"Malama! Ubangiji ne ya turo ki. Kaina ya toshe."

"Fasto, sabon nassin nake so."

Ya yi murmushi. "Kai, mata da son jin sirri. Ki jira gobe mana."

"Don Allah ka ba ni. Baba ne zai karanta."

"To ai Dattijo ba baƙon Littafi ba ne. Ko a barci aka tashe shi zai karanta."

"Ba zai iya ba."

"Idonsa ne?"

Da na ce eh, da yau ba ku da labarin karantawa. Amma na dubi mutumin da zan aura, na ce a raina, gobe jibi ɗan gida ne, in ban faɗa masa ba wa zan faɗa wa? Na rufe ƙofa. Na faɗa masa komai, da tabarau, da ɓawon katako, da Asabar ɗinmu. Ina magana ina kuka. Shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce a hankali. "Duk a ka?"

"Duk a ka. Fasto, tsakanina da kai ne. Ko yayyena maza ba su sani ba."

"Tsakaninmu da Ubangiji," in ji shi.

Ya rubuta mini sura da ayoyin a 'yar takarda. Ina fita na waiga, na ga ya jawo farar takardar nan, biro na gudu kamar ana korarsa. Har na ji daɗi. Na ce Allah ya buɗe masa.

Aya goma sha bakwai ce. Baba bai tambaye ni komai ba sai "Ya canza ne?" Na ce eh. Ya ce, "To karanta." Kafin rana ta faɗi ya haddace.

Lahadi na sa doguwar rigata shuɗiya mai aiki a wuya, wadda Fasto ya taɓa cewa ta yi mini kyau. Mama ta kafa ɗauri kamar ita ce amaryar. Baba ya sa farar rigarsa da na goge masa, ya zauna a layin dattawa, su da suke fuskantar jama'a. Da lokaci ya yi ya miƙe, ya goge tabarau, ya karanta aya goma sha bakwai ko tuntuɓe babu. Na sauke numfashi.

Fasto ya hau. Minti goma na farko ya yi ta zagaye. Sai ya tsaya, ya ciro farin hankici, ya rage murya irin yadda yake yi in zai kama zukatan mata.

"Kwana uku ina roƙon misali, jiya da yamma Ubangiji ya aiko mini da shi har ofis. Ba zan kama suna ba."

Na dubi Baba.

"Akwai wani bawan Allah a cikinmu. Bai taɓa shiga aji ba. Ko sunansa aka rubuta ba zai gane ba. Amma shekara talatin da ɗaya yana tsayawa a gabanku da Littafi a buɗe, kuna tsammani karatu yake yi, alhali daga zuciya yake zubowa! Ba zan kama suna ba. Amma bencin da kuke zaune a kai, hannunsa ne ya ƙera shi."

Kafinta nawa ne a layin dattawa, jama'a? Mai karatu nawa ne? Kai ɗari uku suka juya lokaci ɗaya. Baba kuwa yana fuskantarsu, babu inda zai kai fuskarsa.

"Tabarau ɗin da kuke gani ma, gilashi ne kawai!" Muryarsa har rawa take don daɗi. "'Yarsa ce ta faɗa mini da hawaye. Ku da kuke da digiri, aya nawa kuka riƙe? Ku tafa wa Ubangiji!"

Aka tafa. Uwar Addu'a ta miƙe tana ɗaga hannu tana "Halleluya", idonta a kaina. A bayana wani ya ce, "Ashe hadda ce," wata ta ƙunshe dariya a gyale. Ni Baba kawai nake kallo. Bai sunkuyar da kai ba. Ya ɗaga hannu a hankali ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya rufe Littafin da ke kan cinyarsa. Siririn ɓawon katakon ya zame ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

Da aka tashi, mutane suka yi layi suna ba shi hannu kamar gidan rasuwa. Wani dattijo da ya shekara goma yana haƙon karatun nan ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Haba Dattijo, ai da ka faɗa tun tuni da mun rage maka wahala." Uwar Addu'a ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, mu muna ta ihu a baranda, ashe taki addu'ar ta cikin ofis ce mai ƙarfi."

Muna isa gida saƙo ya shigo.

"Ba a taɓa wa'azi irin na yau ba! Mutum goma sha ɗaya suka fito gaba. Addu'arki ce, Malama. Na kasa jira, Kawu zai zo yau da ƙarfe huɗu."

Har da hoton zuciya guda uku. Na kira shi.

"Na ce maka tsakanina da kai."

"Ai ban kama suna ba."

"Ba ka kama suna ba?"

"Malama, ɗaukaka shi na yi. Kin ga yadda aka tafa? Wannan shaida ce, ba a ɓoye shaida."

"Taka ce da za ka bayar?"

Sai ya ce, "Ina ganin kina buƙatar ki yi addu'a a kan fushi." Na kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ya yi ba. Har zuciyarsa yana ganin alheri ya yi mana. A wurinsa duk abin da ya shiga kunnensa kayan wa'azi ne, kuma ni na yarda zan kwana in tashi da wannan kunnen har ƙarshen raina.

Mama ta yi kukanta a kicin, ta wanke fuska, sai ga ta tana fito da farantan baƙi.

"Mama, me kike yi?"

"Baƙo zai zo. Bawan Allah ne, kuskure ya yi. Ki rufa mana asiri, Auta."

"Wane asirin, Mama? Akwai saura?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta mayar da shi kan faranti ta ci gaba da gogewa.

Na sami Baba a shago, shi da bai taɓa buɗe shago ranar Lahadi ba. Ba aiki yake ba, yana zaune ne a kan wata kujera da bai gama ba. Na durƙusa a cikin garin katako da shuɗiyar rigata.

"Baba, ni ce. Ya ce ba zai faɗi nassin ba sai a kan mumbari, na ji tsoro, na…"

"Da kin faɗa mini," ya ce, ba tare da faɗa ba, "da na ce muryata ta dishe, wani ya karanta. Sau biyu na taɓa yin haka, kina ƙarama."

Shi ke nan fa. Abin da na tsallake na je na zubar da shekara talatin da ɗaya a kan teburin wani ke nan. Da ma ya zage ni. Ya ciro tabarau daga aljihu ya miƙo mini.

"Ki kai wa yaranki na aji su yi wasa. Ranar Asabar kuma ki huta."

Ƙarfe huɗu daidai Kawun Fasto ya iso, da babbar mota da faffaɗan murmushi. Aka zauna a falo, Mama na ta zuba lemo. Bayan gaisuwa ya ciro farar ambulan, wai wasiƙar neman aure ce daga danginsu. Ya miƙa wa Baba, sai ya tuna, ya janye hannu da sauri.

"Af, yi haƙuri Dattijo. Bari in karanta maka."

Baba ya dube shi, ya dube ni.

"A'a. Miƙa wa Auta. Ita ce mai karatu a gidan nan, ita ce kuma mai magana. Abin da ta ce shi ne."

Na karɓa da hannu biyu, cikin ladabi. Mama na yi mini magana da ido, tana roƙo. Ambulan ɗin har ƙamshin turarensa take yi. Na durƙusa na mayar da ita gaban Kawu yadda ta zo, a liƙe.

"Kawu, ka mayar masa. Ka ce yau babu mai karatu a gidan nan."

Mama ba ta yi mini magana ba har kwana huɗu. Ranar Alhamis saƙon ƙungiya ya shigo kamar kullum: "Ku roƙa mini misali a kan gafara." Na san wa ake shirin yankawa wannan karon, na fice daga ƙungiyar. Na ji an ce kujerar jikin taga har faɗa aka yi a kanta.

Amma na riga na ga nassin kafin in fita, kuma ƙafa ba ta san an daina ba. Asabar da ƙarfe huɗu na tsinci kaina a bakin shago da Littafi a hannu. Ƙyauren duka biyu a buɗe suke, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Baba na goge katako, bakinsa a rufe. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Yauwa, Auta," bai ɗago ba.

Gefen teburin nan da yake share mini tun ina 'yar shekara tara, ya jera katako a wurin har sama.